Tashar Jirgin Ƙasa ta Rigasa: Tarihinta da Ayyukanta

1.0 Gabatarwa

Rigasa babbar unguwa ce da ke yammacin birnin Kaduna, a cikin Ƙaramar Hukumar Igabi. Kafin shekarar 2016, in ban da mazauna Kaduna da masu dangi a can, ba kowa ne ya san da zamanta ba. Daga wannan shekara kuwa sunanta ya shiga bakin ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da ɗalibai da 'yan siyasa, har ya kasance mutumin Kano ko Katsina da bai taɓa kwana a Kaduna ba yana iya kwatanta hanyar zuwa Rigasa. Abin da ya jawo wannan shi ne tashar jirgin ƙasa da aka gina a gefen unguwar, wadda ita ce ƙarshen layin dogo da ya taso daga Idu a Abuja.

Wannan darasi zai dubi yadda jirgin ƙasa ya fara zuwa Kaduna, da dalilan da suka sa aka kai sabuwar tasha bayan gari, da ire-iren ayyukan da tashar ke gudanarwa, da kuma matsalolin da suka sha tsayar da ita. Daga nan za a waiwayi kalmomin da harkar jirgin ƙasa ta shigo da su cikin harshen Hausa. Ana sa ran ɗalibi zai karanta bayanin a tsanake, domin ya iya amsa tambayoyin da ke biye da shi.

2.0 Zuwan Jirgin Ƙasa Kaduna

Ba za a fahimci tashar Rigasa ba sai an koma farkon ƙarni na ashirin, domin shi kansa birnin Kaduna ɗan jirgin ƙasa ne. Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a shekarar 1896, ya isa Ibadan a 1901. A wancan lokaci Arewa da Kudu gwamnatoci biyu ne daban, kowace da baitulmalinta, don haka gwamnatin Arewa ta nemi ta sami nata layin da zai kai kayan amfanin gona bakin kogin Neja, inda za a loda su cikin jiragen ruwa. A shekarar 1907 aka amince da gina layi daga Baro zuwa Kano, aka kuma turo Sir Percy Girouard, wanda injiniyan reluwe ne na soja, ya zama shugaban gwamnatin Arewa. Dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. A cikin wannan shekara ta 1912 ne aka haɗe layin Legas da na Baro zuwa Kano ƙarƙashin hukuma guda, bayan layukan biyu sun haɗu a Minna.

Littattafan mulkin mallaka sukan yi alfahari da saurin da aka yi wajen wannan aiki da kuma arhar da aka samu. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne tushen wannan arha. Da yawa daga cikin leburorin da suka sare daji, suka haƙa ƙasa, suka ɗauki ƙarafa a ka, ba da son ransu suka zo ba. Turawa ne ke yanka wa sarakuna adadin mutanen da za su kawo, sarakuna su yanka wa hakimai, hakimai su yanka wa dagatai, a ɗebo manoma daga ƙasashen Nupe da Gwari da Zazzau a kai su bakin aiki na wasu makonni, wani lokaci ma a tsakiyar damina. Ana biyan su ɗan abin da ba a rasa ba, amma mafi yawansa yakan koma hannun hukuma ta hanyar haraji. Saboda haka duk lokacin da ake maganar alherin jirgin ƙasa, ya dace a tuna da cewa da gumin talakawa aka shimfiɗa shi.

Turawa sun sa ran auduga ce za ta cika taragai zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano kuwa suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba kuma in ta ƙi sayuwa ana iya cin ta, sai suka raja'a a kanta. Daga nan ne dalar gyaɗa ta samo asali.

A kan wannan layi, wurin da dogo ya ƙetare kogin Kaduna ya ja hankalin Gwamna Lugga. Akwai ruwa, akwai fili, ga jirgi, kuma wurin ba ya cikin babban birnin wani sarki. Aka fara kai sojoji, sannan a shekarar 1917 aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru aka mayar da ita Kaduna. Bayan shekara goma, wato a 1927, layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan ya zo ya haɗu da na yamma a kudancin kogin, wurin da aka kira mahaɗar Kaduna. Daga baya aka ƙara rassa: na Zariya zuwa Ƙaura Namoda a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930, sai na Maiduguri da aka kammala a 1964. A shekarar 1955 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda har yau ita ke tafiyar da tashar da ake magana a kanta.

3.0 Lalacewa da Yunƙurin Farfaɗowa

A shekarar 1964 jiragen ƙasa na Nijeriya sun ɗauki fasinjoji sama da miliyan 11. Bayan shekara goma adadin ya faɗo zuwa miliyan 4 da 'yan kai. Yaƙin basasa ya datse layin gabas, kuɗin man fetur ya karkata hankalin gwamnati ga gina tituna, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, gyaɗa da auduga suka ja baya, sannan rashin gyara ya cinye sauran. An kawo ƙwararru daga Indiya a 1979 suka riƙe hukumar na 'yan shekaru, an kuma ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyara a 1995, amma duk ba a ga canji mai ɗorewa ba. Har aka kai lokacin da yaro zai tashi a Kaduna ya girma bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba, alhali kuwa kakansa a jirgi ya zo garin.

A halin da ake cikin haka, sai ga wani sabon al'amari. A watan Disamba na 1991 gwamnatin tarayya ta ƙaura daga Legas zuwa Abuja, garin da tsohon layin dogo bai bi ta cikinsa ba ko kusa. Dubban ma'aikata suka kasance suna aiki a Abuja, iyalansu kuwa suna Kaduna ko Zariya ko Kano, saboda tsadar haya a sabon birnin. Duk ranar Juma'a da yamma da kuma safiyar Litinin titin Abuja zuwa Kaduna yakan cika maƙil. Wannan zirga-zirga ita ce kasuwar da aka gina tashar Rigasa dominta.

4.0 Gina Layin Abuja Zuwa Kaduna

A shekarar 2006 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gina sabon layi tun daga Legas har Kano. Kuɗin ya yi yawa, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta dakatar da kwangilar, daga bisani aka yanke shawarar a riƙa yin aikin gaɓa-gaɓa. Gaɓar farko da aka zaɓa ita ce ta Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186. An fara aikin a 2011 zamanin Goodluck Jonathan, aka gama shimfiɗa dogo a ƙarshen 2014, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe layin ranar Talata 26 ga Yuli, 2016. Ke nan shugabanni huɗu ne aikin ya ratsa ta hannunsu, abin da ya sa gardamar da magoya bayan jam'iyyu ke yi a kan wane ne mai aikin ba ta da wani amfani ga ɗalibin tarihi. Aikin ya ci kimanin dalar Amurka miliyan 876, daga ciki miliyan 500 rance ne daga bankin shige da fice na ƙasar Sin, sauran kuma gwamnatin tarayya ta biya.

4.1 Me Ya Sa Aka Kai Tashar Bayan Gari?

Tambayar da baƙo kan fara yi ita ce, tun da Kaduna na da tsofaffin tashoshi a cikin gari, me ya hana sabon jirgi ya shiga can? Amsa ta farko tana ga faɗin dogon kansa. Tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na tsohon layi milimita 1,067 ce, ta sabon kuwa milimita 1,435, wadda ita ce aka fi amfani da ita a duniya. Bambancin bai kai kamu biyu ba, amma ya isa ya hana jirgin wannan layi taka wancan, domin ƙafafun jirgi a kafe suke a jikin sandarsu, ba sa matsewa ba sa buɗewa. Saboda haka layukan biyu, ko da sun yi maƙwabtaka, ba sa gaisawa.

Amsa ta biyu tana ga yanayin hanyar. Turawa sun gina tsohon layi ne da neman arha, suna kauce wa duwatsu da kwaruruka, shi ya sa ya cika lanƙwasa, jirgi ba ya iya sakin jiki ya yi gudu a kansa. Sabon layi an tsara shi don jirgin fasinja ya iya kai gudun kilomita 150 a awa guda, ko da yake ba a cika kaiwa haka ba, kuma irin wannan gudu yana bukatar miƙaƙƙiyar hanya. Ratsa tsakiyar Kaduna da irin wannan hanya na nufin rushe dubban gidaje da biyan diyya mai yawa. A yammacin gari kuwa akwai fili, filin jirgin sama yana kusa, kuma daga nan ana iya zarcewa da layin zuwa Zariya da Kano ba tare da an kutsa cikin birni ba.

Sai dai sauƙin da injiniya ya samu, fasinja ne ya biya shi. Wanda ke zaune a Barnawa ko Sabon Tasha ko Unguwar Rimi sai ya ratsa gari, ya hau babban titin Nnamdi Azikiwe, ya karya ta Bakin Ruwa, sannan ya keta tsawon Rigasa kafin ya ga tasha. Gwamnatin jiha ta faɗaɗa titin da ke zuwa can, abin ya yi sauƙi, amma duk da haka a lokacin cunkoso mutum yana iya ɓata kusan rabin lokacin da jirgi zai ɗauka zuwa Abuja a tsakanin gidansa da tasha. Haka abin yake a ɗaya ɓangaren, domin ita ma Idu bayan gari take. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka fi son sauka a tashar Kubwa, wadda ke tsakiyar unguwar ma'aikata.

Ita kanta Rigasa, kafin zuwan tasha, ta riga ta tumbatsa da jama'a. Rikice-rikicen da aka yi a Kaduna a 2000 da 2002 sun sa mutane sun sake matsuguni, kowa ya koma inda yake ganin zai kwana da ido biyu rufe, kuma Rigasa na cikin unguwannin da suka karɓi ɗimbin masu ƙaura. Gidaje suka yi ta tsirowa fiye da yadda tituna da makarantu da asibitoci da ruwan famfo za su iya ɗauka. A cikin irin wannan unguwa ce aka kawo gini na zamani aka ajiye.

5.0 Ayyukan Tashar

5.1 Jigilar Fasinja

Babban aikin tashar shi ne jigilar mutane tsakanin Kaduna da Abuja. Jirgin da ya tashi daga Rigasa yakan bi ta ƙananan tashoshi irin su Kakau da Rijana da Jere da Asham, ya tsaya a Kubwa, ya ƙare a Idu. Injin mai amfani da man gas ne ke jan taragan, ba lantarki ba. A shekarun farko tafiyar takan ɗauki awa biyu zuwa biyu da rabi. An kasa taragan aji-aji: akwai na gama-gari, wanda ya fi arha kuma ya fi ɗaukar mutane, akwai na tsakiya, akwai kuma na alfarma mai faffaɗan kujeru. Dukkansu suna da na'urar sanyaya ɗaki da makewayi, abin da ya ba tsofaffin da suka san jirgin da mamaki ƙwarai.

Akwai wani abu game da wannan layi da ya kamata a fahimta, domin shi ne ke bayyana yawancin jinkirin da fasinja ke kuka da shi. Layin ƙwaya ɗaya ne tak, ba tagwaye ba. Jirgin da ya taso daga Idu da wanda ya taso daga Rigasa a kan ƙarafa guda suke tafiya, suna fuskantar juna. Don haka dole ɗaya ya ratse a wata ƙaramar tasha mai ɗan reshe a gefe, ya jira ɗan'uwansa ya wuce, sannan a ba shi hannu ya ci gaba. Idan ɗaya ya makara da rabin awa, ɗayan ma ya makara ke nan, ko da kuwa ya tashi a kan lokaci. Wannan ne ainihin aikin ƙananan tashoshin da ke cikin daji, waɗanda fasinja kan yi mamakin abin da ya sa aka gina su alhali ba mai hawa ba mai sauka. A nan ne kuma ake ganin muhimmancin ma'aikatan da fasinja ba ya gani: mai kula da sigina, da mai juya dogo a mahaɗa, da masu bin layi a ƙafa suna duba ƙusoshi da matasan da ƙarafa ke kwance a kansu.

Gwajin farko da tashar ta fuskanta ya zo ne a watan Maris na 2017, lokacin da aka rufe filin jirgin sama na Abuja har mako shida domin gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da jiragen zuwa Kaduna. Matafiya daga ko'ina, har da baƙi daga ƙasashen waje, suka riƙa sauka a Kaduna su nufi Rigasa su hau jirgin ƙasa. A watan Janairu na 2018 aka ƙaro taragai goma da kawunan jirgi biyu, saboda waɗanda ake da su sun kasa.

5.2 Sayar da Tikiti

Ba a taɓa samun wani ɓangare na aikin tashar da ya jawo ƙorafi kamar sayar da tikiti ba. Da farko a taga ake saye, hannu da hannu. Da masu son tafiya suka fi kujeru yawa, sai cuwa-cuwa ta kunno kai. Mutum zai yi sammako ya bi layi, a buɗe taga na ɗan lokaci a ce tikiti ya ƙare, yana juyawa kuma sai wani ya raɗa masa cewa akwai, amma a ninkin kuɗinsa. Wasu fasinjojin sukan yi tafiyar a tsaye ko a zaune a kan jakunkunansu. Jaridu sun yi ta rubutu a kan wannan, an kuma sha kama mutane ana dakatar da wasu ma'aikata.

A watan Janairu na 2021 aka ƙaddamar da sayar da tikiti ta intanet, ta yadda mutum zai zaɓi rana da aji da kujera a wayarsa, ya biya, a turo masa shaidar da za a duba a ƙofar shiga. Daga watan Disamba na 2022 kuma aka wajabta gabatar da lambar shaidar zama ɗan ƙasa kafin a sayar wa mutum. Wannan tsari ya rage cunkoso a taga, ya kuma sa an fi sanin ko su wane ne ke cikin jirgi. Amma bai kashe cuwa-cuwa ba, salo kawai ta sake, domin fasinjoji sun ci gaba da kukan cewa kujeru kan ƙare cikin 'yan mintoci da buɗe shafin. Haka kuma tsarin ya zo da nasa wariyar: dattijon da ba shi da babbar waya, ko matar da ba ta da asusun banki, sai sun nemi wanda zai saya masu, shi ma kuwa da ladansa.

5.3 Dakon Kaya da Sana'o'in Bakin Tasha

A ƙasashe da yawa na duniya, dakon kaya masu nauyi ne ya fi kawo wa reluwe kuɗi, ba fasinja ba. A nan Rigasa ke da rauni. Layin ya tsaya ne tsakanin birane biyu, bai taɓa teku ba. Sashen Legas zuwa Ibadan an buɗe shi a 2021, amma tsakanin Ibadan da Abuja akwai giɓi mai tsawo. Tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a Kakuri a 2018 kuwa a kan tsohon layi take. Ke nan ana sa ran kuɗin tikiti su ɗauki nauyin mai da albashi da gyara, ga kuma bashi yana jira, wanda kuwa abu ne mai wuya.

A wajen shingen tasha kuwa wata kasuwa ce ta kafu da kanta. Da jin ƙarar jirgi sai wuri ya motsa: 'yan dako su nufi ƙofa, direbobin tasi da masu Keke Napep su yi ta kiran unguwanni, 'yan kamasho su yi ta shelar Zariya da Kano da Katsina, domin da yawa daga masu sauka ba Kaduna ce ƙarshen tafiyarsu ba. Ga masu abinci da masu ruwa da lemo, ga masu cajin waya da masu cirar kuɗi, ga masu gadin motocin da matafiya ke bari har su dawo. Filaye da gidajen da ke kusa sun yi daraja. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan mutanen Rigasa ba a matsayin fasinja suke cin moriyar tashar ba, a matsayin masu yi wa fasinja hidima ne. Shi ya sa duk ranar da jirgi ya tsaya, tukunyarsu ce ke fara sanyi.

6.0 Matsalar Tsaro

Gaskiyar magana ita ce, ba sauri ko arha ne suka cika jirgin Rigasa da mutane ba, tsoro ne. Tun daga wajen 2016 titin Abuja zuwa Kaduna ya zama dandalin masu garkuwa da mutane, musamman a yankin Rijana da Katari. Manyan ma'aikata da 'yan majalisa da hafsoshi, waɗanda a da ba za su kalli jirgin ƙasa ba, suka ajiye motocinsu suka bi layin tikiti tare da kowa. Jirgi ya zama mafaka. Amma dogon da titin daji ɗaya suke ratsawa, kuma masu hankali sun yi ta gargaɗin cewa wanda ya tare mota zai iya tare jirgi.

A watan Oktoba na 2021 aka dasa abin fashewa a kan layin, ya lalata dogo, aka dakatar da tafiya na 'yan kwanaki. Wannan ya isa ya zama hannunka mai sanda. Ranar Litinin 28 ga Maris, 2022, da daddare, 'yan bindiga suka fasa dogo a kusa da Katari, suka tsayar da jirgin da ya taso daga Abuja, suka buɗe masa wuta. Aƙalla mutum takwas suka rasu, da dama suka ji rauni, aka kuma tafi da fiye da sittin cikin daji, har da mata da ƙananan yara da tsofaffi. A daren nan iyalai suka cika harabar tashar Rigasa suna jiran jirgin da bai iso ba. An riƙa sako waɗanda aka kama kashi-kashi, rukunin ƙarshe na mutum 23 bai fito ba sai ranar 5 ga Oktoba, bayan fiye da wata shida. Jirgi bai koma aiki ba sai ranar 5 ga Disamba, 2022, kuma da ya dawo an rage yawan sahu, an daina tafiyar dare, an ƙara jami'an tsaro da binciken kaya a ƙofa, kuɗin tikiti kuma ya tashi.

Ba wannan ne kaɗai karon da tashar ta yi shiru ba. A 2020 annobar korona ta rufe ta daga watan Maris zuwa ƙarshen Yuli. A ranar 26 ga Agusta, 2025 kuma jirgin da ya nufo Kaduna ya goce daga kan dogo a kusa da Asham, mutane suka ji rauni, aka dakatar da zirga-zirga na wasu makonni. Wannan haɗari ya tayar da wata tambaya da ta bambanta da ta 'yan bindiga, wato ta gyara da kulawa. Layin da a lokacin bai cika shekara goma da buɗewa ba bai kamata a ce ya fara nuna alamun tsufa ba, kuma wanda ya san abin da ya kashe tsohon reluwe yana da dalilin damuwa.

Akwai shirye-shiryen da za su iya sauya matsayin tashar. A 2021 aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 203, wanda aka tsara ya tashi daga Rigasa ya bi ta Zariya. A wannan shekara kuma aka ƙaddamar da na Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Bisa wannan tsari Rigasa za ta tashi daga ƙarshen layi ta koma zango a tsakiyar doguwar hanya. Bugu da ƙari, gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi ikon gina nasu layukan dogo, ikon da a da gwamnatin tarayya kaɗai ke da shi.

7.0 Jirgin Ƙasa a Bakin Bahaushe

Ga ɗalibin harshe, harkar jirgin ƙasa kyakkyawan misali ce ta yadda Hausa ke karɓar baƙon abu. Hanya ta farko ita ce faɗaɗa ma'ana. Kalmar jirgi asalinta abin fito ne a ruwa. Da Bahaushe ya ga wani abu mai ɗaukar mutane da kaya da yawa yana tafiya a tudu, sai ya kira shi jirgin ƙasa, daga baya na sama ya zo ya sami nasa sunan, har dole ta sa aka koma ana ce wa na asalin jirgin ruwa domin a bambanta. Haka kalmar dogo, wadda sifa ce, ta zama sunan ƙarfen da jirgi ke bi. Kai ma, wanda gaɓar jiki ne, ya zama sunan injin da ke jan taragai.

Hanya ta biyu ita ce aro tare da gyaran furuci. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, kuma yawancin kalmominta da wasali suke ƙarewa. Kalmar Ingilishi da aka samo tasha daga gare ta tana farawa da s da t a haɗe, sai aka yar da na farkon, aka kuma yar da baƙin ƙarshe. A reluwe an cusa wasalin u tsakanin l da w. A tikiti an ƙara wasali a ƙarshe. A fasinja kuwa f ce ta maye gurbin sautin da Hausa ba ta da shi. Da kalmomin suka zauna sai suka bi dokokin gida: tasha ta zama mace saboda ta ƙare da a, jam'inta tashoshi, tikiti kuma ya ba da tikitoci, inda t ta koma c a gaban wasalin i ta hanyar ganɗantawa.

Tasha ma ba ta tsaya a bakin dogo ba. An sami tashar mota da tashar jiragen ruwa da tashar rediyo da ta talabijin. An kuma sami ɗan tasha, wanda a zahiri mai neman abinci ne a tasha, amma a bakin iyaye yana nufin yaro marar kunya mai ɗanyen baki.

8.0 Jinga

1. Kawo dalilan da suka sa aka gina sabuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaduna a Rigasa, sannan ka bayyana wanda ya amfana da wannan zaɓi da wanda ya ɗauki nauyinsa.

2. Yi bayanin yadda jirage biyu ke wuce juna a kan layi ƙwaya ɗaya, cikin jimloli da ba su wuce shida ba.

3. An ce tsoro ne ya cika jirgin Rigasa da fasinja. Tattauna wannan magana tare da kafa hujja da abubuwan da suka faru tsakanin 2016 da 2022.

4. Ziyarci tashar mota ko ta jirgi mafi kusa da makarantarku, ka tattaro kalmomi goma sha biyar da ake amfani da su a wurin, ka rarrabe na aro da na asali, ka kuma kawo jinsi da jam'in kowace.